MTN a Najeriya: jari da dala, ciniki da naira

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja. Injiniya Ernest Ndukwe ne ke shugabantar hukumar, gwamnatin Obasanjo kuma ba ta cika shekara biyu a kan mulki ba. Aka yi ta tayi har farashi ya tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. Kamfani uku suka rage a fage: MTN na Afirka ta Kudu, da Econet mai tushe a Zimbabwe, da CIL na Mike Adenuga. An keɓe wa NITEL, kamfanin wayar gwamnati, lasisi na huɗu. CIL bai kammala biya a kan ƙa'idar da aka gindaya ba, lasisin ya suɓuce masa.

MTN a lokacin ba wani babban kamfani ba ne a duniya. An kafa shi a 1994, shekarar da mulkin wariyar launin fata ya faɗi, ya kuma ɗan taɓa kasuwannin Uganda da Ruwanda da Kamaru. Babban abokin hamayyarsa a gida, Vodacom, bai shiga gwanjon ba. Masu kuɗin Turai da Amurka ma sun tsaya daga nesa, suna ganin ƙasar da ta fito daga mulkin soja jiya-jiya, babu wuta, talauci ya yi yawa, ba wurin zuba irin wannan kuɗi ba ce. Lissafinsu shi ne talaka ba zai iya sayen waya ba. Abin da ba su saka a lissafi ba shi ne irin wahala da kuɗin da talakan ke kashewa saboda rashin wayar.

Ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, layukan wayar da ke aiki a cikinta ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu kuma a ofisoshin gwamnati da gidajen manya. Bahaushen da ke zaune a Legas, a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, in yana son gida su ji daga gare shi, sai ya nemi direban babbar mota mai komawa Arewa ya ba shi wasiƙa da 'yan kuɗi a ambulan. Wanda ba ya rubutu yakan ɗauki muryarsa a kaset, a kai wa iyali su saurara, su ma su ɗauko tasu su aiko. Rasuwa takan yi kwanaki kafin labarinta ya iso Legas, mutum ya ji an binne mahaifinsa har an yi sadakar uku. Wannan ita ce kasuwar da MTN ya saya da dala miliyan 285.

Ranar 16 ga Mayun 2001 aka yi kiran gwaji na farko a kan layin kamfanin daga ginin Maritime House da ke Apapa. A watan Agusta aka fara sayar wa jama'a a Legas da Abuja da Fatakwal. Kamfanin bai shigo shi kaɗai ba, ya haɗa gwiwa da 'yan kasuwar gida masu ƙaramin kaso. Pascal Dozie, wanda ya kafa bankin Diamond, shi ya zama shugaban hukumar daraktoci, Kanar Sani Bello mai ritaya, tsohon gwamnan soja na jihar Kano, ya riƙe mataimaki.

Kuɗin lasisi somin taɓi ne. MTN ya tarar babu abin da zai jingina da shi. Layukan NITEL da ya kamata su ɗauki kira daga gari zuwa gari ba su da ƙarfin ɗauka, dole kamfanin ya shimfiɗa nasa, hanyar sadarwa ta sama da kilomita 3,000 da Obasanjo ya ƙaddamar a farkon 2003. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, saboda haka kowane ƙarfen sabis sai an girke masa janareta, sau da yawa biyu, da tankin man gas, da katanga, da maigadi. Duk wanda ya zauna a Legas ya san yadda abin yake: dogon ƙarfe mai ja da fari a bayan wani gida, inji yana ruri dare da rana, ɗan ɗaki a gefen ƙofa inda maigadin ke kwana, wanda sau da yawa ɗan Arewa ne ko ɗan Nijar. Na'urorin da ke saman ƙarfen daga waje ake sayo su, da dala. Wannan batu shi ne jigon duk abin da ya biyo baya, domin wanda zai biya kuɗin na'urar da naira yake biya, naira ɗari-ɗari, ta hanyar katin waya.

Da farko kamfanonin sun ci kasuwa yadda suke so. Layi kaɗai, ba tare da waya ba, ya kai naira 20,000 ko fiye. Kira naira 50 ne a minti, kuma ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti cikakke za a cire. A nan sana'ar lema ta samo asali. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, lema mai launin rawaya, waya ɗaure da zare don kada a gudu da ita, da littafin rubuta mintuna. A bakin tashar jirgin ƙasa ta Agege da kewayen kasuwar Mile 12 za ka ga layin masu jiran kira, kowa riƙe da 'yar takardar da ya rubuta lambar wani mai shago a garinsu, wanda shi zai aika yaro a kira masa iyali. Daga nan kuma aka koyi filashin: ka kira ka katse kafin a ɗauka, mai hali ya biyo ka.

Inda wayar ta fi sauya rayuwa, a ganina, shi ne harkar kayan gwari da dabbobi. Tumatir ba ya jira. Kafin zuwan salula, manomi ko ɗan kasuwa a Kadawa ko Danja yakan loda mota ne da ƙaddara, ya kwana biyu ko uku a hanya, ya iso Mile 12 ya tarar motoci sun cika kasuwa, kwando ya faɗi, abin da ya samu bai biya kuɗin mota ba. Da waya ta zo, sai magana ta koma kamar haka tun da asuba:

"Ranka ya daɗe, yau kasuwa ta cika, kada a loda. A bari sai jibi."

"To, Malam, tattasai fa?"

"Shi ana nema, Alhaji. In akwai a turo."

Kiran da bai kai minti biyu ba ya tsare jarin mutum na shekara. Haka abin yake ga masu kawo shanu mayankar Oko-Oba, da masu raguna a Alaba Rago lokacin babbar salla, da 'yan canji na Broad Street da ke bin farashin Wapa ta Kano sa'a-sa'a. Mutanen da aka ce ba za su iya sayen waya ba su suka riƙe kamfanin.

A watan Agustan 2003 Adenuga ya dawo da Globacom, ya fara cajin kira da daƙiƙa, abin da tsofaffin kamfanonin ke cewa lokacinsa bai yi ba. Ba a daɗe ba suka bi sahu, farashin layi ya yi ta sauka har ya zama kusan kyauta. Econet kuwa rikicin masu hannun jari ya sa ya yi ta sauya hannu da suna: Vmobile, sai Celtel a 2006, sai Zain a 2008, sai Airtel a 2010. Etisalat na Daular Larabawa ya shigo a 2008, bashin dala biliyan 1.2 da ya ci daga bankunan Najeriya ya kayar da shi a 2017 bayan naira ta faɗi, ya koma 9mobile. MTN ya zauna da suna ɗaya da mai gida ɗaya, yana ta kafa ƙarfe a garuruwan da sauran ba su kai ba, har Najeriya ta zama kasuwarsa mafi girma, ta wuce ƙasarsa ta asali.

Tarar da ta girgiza kamfanin

Tun 2011 gwamnati ta wajabta rajistar layin waya, da hoto da zanen yatsa. Dalilin tsaro ne. Aikin rajistar an bar shi a hannun wakilai a bakin titi, waɗanda ake biya gwargwadon yawan layin da suka yi, don haka da yawa aka cika su da hoton da ba ya ganuwa, ko yatsan mutum ɗaya a kan layuka masu yawa. Layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani kuwa ana sayar da shi a fili. A watan Agustan 2015 NCC ta ba kamfanoni wa'adin mako ɗaya su rufe duk layin da rajistarsa ba ta inganta ba. MTN ya yi jan ƙafa. Rufe layi miliyan biyar na nufin rufe ƙofar kuɗin shiga, ga dukkan alama kuma kamfanin ya ɗauka wannan ma irin gargaɗin da aka saba ne, a yi 'yar tara a wuce.

A watan Satumba aka sace Cif Olu Falae, tsohon sakataren gwamnatin tarayya, a gonarsa da ke jihar Ondo, rahotanni kuma suka ce da layukan da ba su da ingantacciyar rajista aka nemi kuɗin fansa. A watan Oktoba NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta buɗe littafin doka ta yi lissafi: naira 200,000 a kan kowane layi, sau layi sama da miliyan biyar. Jimilla naira tiriliyan 1.04, kimanin dala biliyan 5.2 a canjin lokacin. Hannun jarin kamfanin ya rikito a kasuwar Johannesburg. Shugaban rukunin MTN baki ɗaya, Sifiso Dabengwa, ya ajiye aiki a watan Nuwamba, shugaban reshen Najeriya Michael Ikpoki ya bi bayansa.

Kamfanin ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas, ya kuma ɗauko Eric Holder, tsohon ministan shari'a na Amurka, ya shiga tsakani. Daga baya ya janye ƙarar ya ajiye naira biliyan 50 don nuna yana son sulhu. Da Shugaba Jacob Zuma na Afirka ta Kudu ya zo Abuja a watan Maris na 2016, Shugaba Buhari ya faɗa a gabansa cewa jinkirin rufe layukan ya taimaka wa Boko Haram. Wannan magana tana da nauyi ga duk wanda ke da dangi a Borno ko Yobe, kuma ban ga yadda za a yi kamfanin ya wanke kansa daga sakacin ba. Gaskiya ne shi ma ya sha ɓarna, domin a 2012 'yan bindigar sun yi ta ƙona turakun sadarwa a Arewa. Amma doka a rubuce take, an ba da wa'adi, an saɓa. Abin da za a iya yi wa gwamnati gardama a kai shi ne girman tarar, wadda da an dage a kanta da ta durƙusar da kamfanin da miliyoyin mutane ke cin abinci ta kansa.

A watan Yunin 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330, a biya kashi-kashi cikin shekara uku. Shekarar ce rukunin MTN ya fara bayyana asara bayan kusan shekara 20 yana cin riba. Cikin sharuɗɗan sulhun akwai wanda a wurina ya fi kuɗin tarar daraja: dole kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Najeriya, 'yan ƙasa su samu damar mallakar wani abu a cikinsa.

Kafin a kai ga haka wata ƙura ta sake tashi. A watan Agustan 2018 Babban Bankin Najeriya ya ce MTN ya fitar da dala biliyan 8.1 zuwa waje da takardun da ba su cika ƙa'ida ba, ya umarci a dawo da su, ya ci tarar bankuna huɗu: Standard Chartered da Stanbic IBTC da Citibank da Diamond. Kwanaki kaɗan bayan haka ministan shari'a Abubakar Malami ya nemi kamfanin ya biya harajin dala biliyan 2 da ya ce an bari a baya. Ƙarshen maganar Babban Banki, a watan Disamba, shi ne biyan kimanin dala miliyan 53. Malami kuma ya janye tasa a Janairun 2020 ya miƙa wa hukumar haraji da ta kwastam. Tazarar da ke tsakanin biliyan 8.1 da miliyan 53 ta yi yawan da ba ta ƙara wa hukumomin ƙasar kwarjini ba, kuma duk mai niyyar kawo jari ya gani. Amma lambar farkon ta nuna wa talaka abin da bai taɓa gani a rubuce ba: yawan dalar da kamfanin ya kwasa zuwa gida cikin 'yan shekaru daga cinikin kati.

Ranar 16 ga Mayun 2019, shekara 18 cif bayan kiran Apapa, aka saka MTN Nigeria a kasuwar hannun jari ta Legas a kan naira 90 kowane hannu, darajarsa baki ɗaya ta haura naira tiriliyan 1.8. A wannan shekarar Ernest Ndukwe, mutumin da ya jagoranci gwanjon 2001, ya zama shugaban hukumar daraktocin kamfanin. A watan Satumba kuma, da aka kai wa baƙi hari a Afirka ta Kudu, matasa suka huce a kan shagunan MTN da Shoprite, masu asali daga can, a Legas, har kamfanin ya rufe ofisoshinsa na ɗan lokaci. Waɗanda suka rasa ciniki a kwanakin, ma'aikata da dillalai, 'yan Najeriya ne.

Lokacin da naira ta zube

A 2014 MTN ya miƙa turakunsa sama da 9,000 ga wani kamfanin haɗin gwiwa da IHS, mai harkar turakun sadarwa, ya koma ɗan haya a kansu. Dabara ce da kamfanonin waya ke yi a ko'ina, a sauke wa kai nauyin janareta da mai da gadi. Sai dai wani babban kaso na kuɗin hayar an ɗaure shi da farashin dala. Muddin naira na tsaye babu damuwa. Kamfanin ya ci gaba da faɗaɗa: ya sayi Visafone a farkon 2016, ya biya dala miliyan 273.6 ya samu lasisin 5G a gwanjon Disambar 2021, ya ƙaddamar da shi a Legas a Satumbar 2022, ya kuma buɗe bankinsa na tura kuɗi ta waya, MoMo, a shekarar.

A watan Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 900 a ƙarshen shekarar, ta wuce 1,500 a ƙarshen 2024. Kuɗin haya da bashin waje suka ninka cikin lissafin naira, alhali kuɗin kira yana nan inda yake tun 2013, domin NCC ce ke da ikon ɗaga shi. Sakamakon abin mamaki ne ga wanda bai san yadda aka gina kamfanin ba. Masu amfani da layinsa sun kai kusan miliyan 81, cinikinsa na 2024 ya haura naira tiriliyan 3.3, bai taɓa yin irinsa ba, amma ya tashi da asarar naira biliyan 400, a kan ta biliyan 137 da ya yi a 2023. Asarar canji kaɗai ta kai naira biliyan 740 a 2023, ta haura biliyan 900 a 2024. Ciwon da ya kashe Etisalat shi ne ya kama MTN, bambancin kawai shi yana da ƙarfin jurewa.

A tsakiyar wannan hali aka yi rikicin haɗa layi da lambar NIN, shirin da ya faro tun Disambar 2020 zamanin minista Isa Ali Pantami. A ƙarshen Yulin 2024 aka toshe layuka masu yawa, jama'a suka yi dafifi a ofisoshin kamfanin, aka farfasa na Festac, NCC ta ba da umarnin a buɗe layukan. Irin wannan toshewa ta fi cutar da baƙon da ke ci-rani: ɗan acaɓa ko mai shayi ko mai wankin takalmi da aka yi wa rajistar layi da suna ɗaya, katin ɗan ƙasa da wani rubutun sunan, Muhammadu a nan Mohammed a can, ranar haihuwa kuma ta ƙiyasi. Ranar da zai yi a layin gyara rana ce da bai yi ciniki ba, layin da aka toshe kuma shi ne asusunsa na banki da hanyar aika wa gida kuɗi.

Mafita ta zo ta hanya biyu. A watan Agustan 2024 MTN ya sake zama da IHS aka rage kason hayar da ke bin dala. Wannan gyara ne na gaskiya, wanda ya kamata a ce an yi shi tun kafin ruwa ya kai wuya. Hanya ta biyu kuwa aljihun mai waya ce. A Janairun 2025 NCC, ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, rabin abin da kamfanonin suka nema. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi barazanar zanga-zanga. A watan Fabrairu MTN ya ɗaga wani tsarin data na mako daga naira 2,000 zuwa 6,000, jama'a suka yi ca, ya fito ya ba da haƙuri. Cikin wata ukun farko na 2025 kamfanin ya koma cin riba.

Ba na cikin masu cewa ƙarin kuɗin zalunci ne tsagwaronsa. Farashin da bai motsa ba shekara 12, a ƙasar da man gas da dala suka ninka sau da yawa, ba zai ɗore ba, in kamfanonin suka daina gyara turaku kuma mai kaya a Mile 12 ne zai fara ji a jikinsa. Abin da ke damuna shi ne rabon. A shekarun daɗi riba ta tafi ga masu hannun jari, mafi yawanta zuwa Johannesburg, domin har yanzu uwar kamfanin na riƙe da sama da kashi 70 cikin 100. A shekarun wuya an cike giɓin daga kuɗin katin wanda shi ma faɗuwar nairar ta riga ta cinye masa jari.

Ƙofar da sulhun 2016 ya buɗe ita ce kawai ke ba mai sayen kati damar tsayawa a ɗaya ɓangaren. A Disambar 2021 uwar kamfanin ta fitar da hannun jari miliyan 575 ga jama'a a kan naira 169 kowanne, mafi ƙarancin abin da mutum zai saya hannu 20, wato naira 3,380, kuma ta waya ake saye. Mutum sama da 120,000 suka shiga. Idan aka kwatanta da masu layi sama da miliyan 80, ɗigo ne. A zaman hira na Agege ko Alaba Rago da wuya ka ji ana maganar hannun jari. Dukiyar da aka sani ita ce shanu da fili da mota da kaya a sito, wasu kuma suna da tambayar halacci da suke son malamai su warware musu kafin su saka kuɗi. Tambaya ce da ta cancanci amsa daga masana fiƙihun kasuwanci, da Hausa, a rediyo da masallatai, tun kafin lokaci ya zo. Uwar kamfanin ta bayyana niyyarta ta rage kasonta zuwa kusan kashi 65 cikin 100, ma'ana akwai sauran hannun jarin da za a fitar, kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa a Legas suna da rajistar mambobi da amanar jama'ar da za su iya amfani da su wajen bayyana wa mutanensu yadda ake saye da abin da ke cikinsa na riba da na haɗari.